Yadda ake gano ɗalibin da ba shi da tsayayyen wurin kwana a makarantun Amurka, da abin da za a yi masa

Na daɗe ina wannan aiki a wata gundumar makarantu a Amurka, kuma duk sabon ma'aikacin da aka kawo mini in koya masa, tunaninsa ɗaya ne a ranar farko: yana zaton za mu fita neman yaran da ke kwana a ƙarƙashin gada. Akwai irinsu, amma 'yan kaɗan ne. Mafi yawan yaran da muke nema suna raɓe ne a gidan wani, a falon goggo ko ɗakin abokin baba, kuma da safe za ka gan su tsaf da jaka a baya. Na rubuta wannan musamman don 'yan'uwanmu masu jin Hausa da ke samun aikin tafinta, ko rajista, ko hulɗa da iyaye a makarantun Bronx, Filadelfiya, Greensboro da sauran garuruwan da mutanenmu suka taru.

Dokar da aikin ya hau kanta sunanta McKinney-Vento. Ta tarayya ce, an sa mata hannu a 1987 zamanin Shugaba Reagan, kuma babban gyaranta na baya-bayan nan an yi shi a 2015, ya fara aiki a Oktoban 2016. Ta wajabta wa kowace gunduma ta naɗa jami'in tuntuɓa guda da zai tsaya wa waɗannan yara, kowace jiha kuma ta sami mai kula da shirin. Aikin wannan jami'in tuntuɓa ne nake bayyanawa a nan. A shekarar karatu ta 2021 zuwa 2022, makarantun gwamnati sun ƙirga irin waɗannan ɗalibai wajen miliyan 1.2, kuma kusan kashi uku cikin huɗu nasu a raɓe suke. Birnin New York kaɗai ya yi shekaru a jere yana wuce 100,000.

Abubuwan da za ka tanada

Kwafin ma'anar da doka ta bayar, a manne inda idonka zai riƙa kai wa.

Fom ɗin tambayar wurin zama, shafi ɗaya, a harsunan da iyayen yankinka ke ji. Idan gundumarku ba ta da shi, nemi na ofishin jiha, ko ka duba samfurin da cibiyar NCHE da ƙungiyar SchoolHouse Connection, masu aiki kan karatun yaran da ba su da gida, suka wallafa.

Lambar mai kula da shirin a jiha, da ta takwarorinka na gundumomin da kuke iyaka da su.

Sunan mutum guda da ka sani ido da ido a ofishin sufuri, da ofishin abinci, da ofishin kuɗin Title I, wato tallafin tarayya ga makarantun da ke da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. Lambar ofishi kawai ba ta isa ba. Ranar da kake neman bas kafin gobe, mutum kake buƙata.

Tafinta. Fostar haƙƙoƙin yara. Takardar da ake cikewa idan an sami saɓani. Kabad mai ɗauke da jakunkuna, littattafan rubutu, safa, sabulu, man goge baki, audugar mata da rigunan sanyi.

Sai ɗaki mai ƙofa. In babu, aji bayan an tashi ya wadatar. Kada dai a yi wannan magana a kan kanta, mutane na layi a baya.

1. Ka haddace ma'anar

Doka ta ce yaron da ba shi da wurin kwana tsayayye, na kullum, kuma wadatacce, ya shiga ciki. Ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, shi ke nan. Sannan ta kawo misalai: zama a gidan wasu saboda rasa gida ko matsin tattalin arziki ko makamancin haka, zama a otal ko sansanin tantuna don babu inda ya fi, shelta (masaukin wucin gadi na marasa gida), mota, filin shaƙatawa, tashar bas ko jirgin ƙasa, kango, da gidan da ya lalace har bai cancanci zama ba.

Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne ɗauko ma'anar hukumar gidaje ta tarayya, wato HUD. Tata ta fi ƙunci, galibi ba ta ƙirga mai zaman raɓe. Don haka uwa za ta iya zuwa ofishin gidaje a ce mata ba ta cancanta ba, ta zo wurinka kuma ɗanta ya cancanta sarai. Kai da ta makaranta za ka yi aiki.

2. Ka saka fom ɗin a cikin takardun kowa

Kowane yaro da aka kawo rajista, a ba iyayensa, haka ma a farkon kowace shekara, da duk lokacin da aka zo canza adireshi. Idan sai wanda aka yi wa kallon talaka ake miƙa wa, to an tona masa asiri tun kafin ya buɗe baki, kuma za ku tsallake wanda ya zo da mota mai kyau alhali a cikinta yake kwana.

Kalmar “marar gida” kada ta fito a fom. A tambaya kai tsaye: a ina yaron ke kwana a yanzu? Sai a jera: gidanmu na haya ko na kanmu, gidan wasu na ɗan lokaci, otal, shelta, mota ko wani wuri. A ƙasa a rubuta cewa amsar na iya sa yaro ya sami ƙarin taimako, kuma ba za a kai ta ga mai gidan haya ba. Idan rajistarku ta intanet ce, ka gwada ta da kanka. Na sha ganin shafin da ba ya barin mutum ya wuce sai ya ɗora takardar haya ko ta kuɗin wuta. Uwar da ke raɓe ba ta da ko ɗaya, sai ta rufe wayar, yaro ya yi mako uku a gida ba wanda ya sani.

3. Ka koya wa masu ganin yaran kullum

Kai ɗaya ne, makarantu da yawa. Masu gano maka yara su ne sakatariyar ofishi, nas, direban bas, ma'aikatan kicin, malamin aji da mai kula da rajistar zuwa. Minti ashirin a taron ma'aikata ya isa, in dai za ka maimaita kowace shekara.

Alamun da nake ce musu su lura da su: yaro ya fara makara ko fashi ba gaira ba dalili, gyangyaɗi a aji, kaya ɗaya kwana da kwanaki, ɓoye abinci a jaka, jakar da ta cika da tufafi, wasiƙar makaranta ta dawo ba a sami mai ita ba, yaro ya ce wa direba yau a wani wuri zai sauka. A shekarar karatu mai kwana 180, wanda ya yi fashin kwana 18 ya shiga sahun masu yawan fashi, amma kada ka jira ya kai can. Alama ba hujja ba ce. Aikinsu su gaya maka a keɓe, kada su tsare yaro da tambaya.

Fosta kuma doka ta ce a manna ta a makarantu, shelta, ɗakin karatu na jama'a da wuraren rabon abinci. Ni ina ƙarawa da shagon wanki, kantin kayan abincin Afirka, shagon kitso, da allon sanarwar masallaci da coci, bayan na nemi izini.

4. Hira da iyaye

Nan aikin yake, kuma nan zan fi daɗewa.

Mutanenmu suna da rufin asiri. Magidancin da aka tashe shi daga gida, ya kwashe mata da 'ya'ya huɗu zuwa wurin ƙaninsa, in ka tambaye shi ko ba shi da gida, zai ce maka Alhamdulillahi, yana wurin ɗan'uwansa. Kuma bai yi ƙarya ba. A wurinmu sauka gidan dangi zumunci ne, ba wanda ke kiransa rashi. Amma takardar haya ba ta san zumunci ba: sunan ƙanin ne a kai, an ƙayyade yawan mutanen da za su zauna, kuma ranar da mai gida ya gane, ko matar gidan ta gaji, baƙo raɓa ne.

Don haka ka fara da gaisuwa cikakkiya, ka tambayi gida da yara. Dattijuwa ka ce mata Mama ko Hajiya, namiji Malam ko Alhaji. Sai ka faɗi dalilin zaman tun da wuri: “Mama, akwai taimakon da doka ta ware wa yaran da zamansu bai daidaita ba, kamar motar makaranta da abinci kyauta. Zan yi miki 'yan tambayoyi don in ga ko naki sun shiga. Abin da kika gaya mini ba zai je kunnen mai gidan haya ba.” Daga nan sai tambayoyin, a hankali:

Tun yaushe kuke wurin? Me ya raba ku da inda kuke da? Sunanku na kan takardar haya? Idan yau aka ce ku tashi, akwai inda za ku? Yaran a ina suke kwanciya, kuma su nawa ne a ɗakin? Akwai ruwa, wuta da abin ɗumama ɗaki? Kuna da makullin gidan?

Tambayar makulli ta sha warware mini abin da sauran suka kasa. Wanda sai ya jira an dawo daga aiki kafin ya shiga, zamansa ba tsayayye ba ne.

Abubuwan da ba a yi: ba a neman takardar kotu ta tashi daga gida a matsayin sharaɗi. Ba a kiran mai gidan haya don tabbatarwa. Ka yi haka, kana iya jawo a kori iyalai biyu maimakon ɗaya. Ba a sa wanda ya sauke su ya je ya yi rantsuwa a rubuce. Ba a tambayar takardun zama a ƙasa. Tun 1982 Kotun Ƙoli, a shari'ar Plyler da Doe, ta yanke cewa jiha ba za ta hana yaro makarantar gwamnati don ba shi da takardun shige da fice ba. Sannan kada ka mai da yaron tafintan uwarsa. Ɗan shekara goma bai kamata ya fassara labarin bashin haya na ubansa ba. In babu tafinta a kusa, yi amfani da na waya.

Wani tsoro da ke hana iyaye magana shi ne kada a ƙwace musu 'ya'ya. Ka gaya musu gaskiya: rashin gida shi kaɗai ba dalilin kai rahoto ba ne, amma kai ma'aikacin makaranta ne, in ka ga ana cutar da yaro dole ka faɗa. Gara su ji haka daga bakinka tun farko.

Kuma kafin su tashi, tambayi ƙanne. Sau da yawa akwai ɗan shekara uku ko huɗu a gida, kuma irinsa ya cancanci shiga Head Start, shirin tarayya na karatun yara kafin firamare, kai tsaye.

5. Ka yanke hukunci, iyali-iyali

Ba duk gidan da ya tara mutane ne ya shiga ba. Iyalai biyu da suka kama babban gida tare da son ransu, kowa da ɗakinsa, ana raba haya, wannan tsari ne na zama. Haka kakar da ta zo rainon jikoki. Abin dubawa shi ne dalilin haɗuwar da kuma ko akwai zaɓi. Sababbin zuwa ƙasar su ne masu wuyar sha'ani: wani ya sauka wurin yayansa bisa shiri, da ɗakinsa, wani kuma yau nan, gobe can, da katifa a falo. Na biyun ya shiga. In ka rasa ta cewa, kira ofishin jiha a ranar, amma yaron ya shiga aji kafin amsa ta zo.

6. A shigar da yaro nan take

Doka ta ce nan take, ko da babu takardar haihuwa, katin rigakafi, shaidar adireshi ko sakamakon tsohuwar makaranta, kuma ko da lokacin rajista ya wuce. Shigarwa kuma tana nufin yana zaune a aji yana yin duk abin da sauran ke yi. Rubuta suna a kwamfuta a ce ya dawo Litinin bai cika sharaɗi ba.

Takardu daga baya ake bi. Sabuwar makaranta ce ke neman fayil daga tsohuwa, kai kuma ka taimaka da rigakafi: ka haɗa su da asibitin unguwa, ko nas ta duba rajistar rigakafi ta jiha. Idan ba a san ajin da ya dace ba, a yi amfani da shekarunsa da bayanin iyaye, a yi ɗan gwaji, a gyara in fayil ya iso. Mai buƙata ta musamman a ci gaba da ba shi kwatankwacin abin da yake samu a da. Yaran da ba su da gida ba a ware su a aji na daban.

A nan za ka fi samun tirjiya daga ofishin rajista, don an horar da su ne kan cewa ba takarda ba shiga. Kada ka yi faɗa da su gaban iyaye. Ka je da kwafin dokar, kuma ka bar musu lambarka.

7. Wace makaranta, kuma wa zai kai shi

Yaro yana da zaɓi biyu: makarantarsa ta asali, wato wadda yake zuwa lokacin da suke da gida ko wadda ya yi rajista a ƙarshe, ko kuma ta unguwar da yake kwana yanzu. Doka ta fara da ɗaukar cewa zama a ta asali ya fi masa, sai in iyaye ba sa so ko an ga akasin haka. Yana da damar zama a can duk tsawon lokacin da ba su da gida, kuma in sun samu a tsakiyar shekara, ya ƙarasa shekarar.

Ina goyon bayan wannan ƙwarai. Yaron da ya canza wurin kwana sau uku a zango ɗaya, malaminsa da abokansa ne kaɗai abin da bai canza masa ba. Sai dai a duba shekaru: tafiyar awa ɗaya da rabi da asuba cikin hunturu wani abu ne ga ɗan aji ɗaya, wani abu ne daban ga wadda saura wata biyar ta gama sakandare.

Idan iyaye suka nema, dole gunduma ta kai shi ta asali. In ya koma wata gunduma, ku biyu za ku daidaita kan kuɗin, in kun kasa ku raba daidai. Tsara hanyar bas yakan ɗauki kwanaki, don haka ka shirya abin riƙon ƙwarya: katin bas ko jirgin ƙasa na yaro da na mai raka shi, ko biyan kuɗin mai ga uwa mai mota, gwargwadon abin da gundumarku ta yarda da shi. Ka roƙi direba kada ya tsaya daidai ƙofar shelta in akwai kwanar da ta fi sutura.

8. Abinci da kuɗi

Abinci shi ne mafi sauƙi, ka gama da shi a ranar. Ba sai iyaye sun cike fom ɗin samun kuɗi ba. Ka aika sunan yaron da sa hannunka zuwa ofishin abinci, ya fara ci kyauta har ƙarshen shekara. In Musulmi ne, ka tambayi abin da kicin ke da shi. Na ga yaran da ke da damar ci amma suke wuni da madara da tuffa don tsoron naman alade.

Kuɗin McKinney-Vento gasa ake yi kafin a samu, kuma gundumomi da yawa ba sa samu, amma dokar tana kan kowa. Abin da kusan kowa ke da shi shi ne kason da ake warewa daga Title I. Da shi ake sayen yunifom, takalmi, tabarau, kayan karatu, a biya kuɗin jarrabawa ko na ciro takardar haihuwa. Ba a biyan haya da shi. Don haya da abinci na gida, haɗa su da layin waya na 211, na neman taimakon jin daɗin jama'a, da ƙungiyoyin unguwa. Ka nemi a zauna da kai lokacin da ake yanke yawan kason nan, ka je da adadin yaran da ka gano bara. Dala miliyan 800 da aka ware wa wannan fanni a 2021 saboda korona ta lokaci ɗaya ce, kada ka gina shiri a kanta.

9. Matasan da ke su kaɗai

Akwai waɗanda ba sa hannun uwa, uba ko waliyyi na doka: wanda aka kora, wadda ta gudu, wanda aka mayar da iyayensa ƙasarsu. In wurin kwanansu ya shiga ma'anar, ana shigar da su ba tare da sa hannun iyaye ba, kuma ra'ayinsu ne kan gaba wajen zaɓen makaranta. Kada ka tsaya binciken wa ke da laifi tsakaninsa da gida.

Abu biyu nake bi musu sosai. Na farko makin darussa: wanda ya yi wata uku a wata makaranta kafin ya taso, a lissafa masa abin da ya yi, kada a ce ya faro daga tushe. Na biyu fom ɗin FAFSA na tallafin karatun gaba da sakandare. Takardar shaida daga hannunka tana ba shi damar cikewa ba tare da bayanin kuɗin iyaye ba. Ka rubuta ta tun farkon ajin ƙarshe, ka ba shi kwafi biyu, ka ajiye ɗaya, don wanda ba shi da ɗaki ba shi da inda zai adana takarda.

10. Idan an sami saɓani

In makaranta ta ƙi abin da iyaye suka nema, dole a ba su dalili a rubuce, cikin harshen da suke ji, tare da yadda za su ɗaukaka ƙara har zuwa jiha. Kafin a gama, yaron yana makarantar da suka nema, da motarsa. Kai ne za ka raka su cikin wannan, ko da ofishinku ne ya yanke hukuncin.

11. Rubutu, sirri da bibiya

A kwamfuta za ka zaɓi ɗaya cikin huɗu: shelta, raɓe, otal, ko fili da mota, sannan ka nuna in matashin shi kaɗai ne. Wannan adadi ne ke tafiya jiha har tarayya. Bayanin inda yaro ke zaune yana cikin fayil ɗin da dokar FERPA, mai tsare sirrin bayanan ɗalibai, ta kare, ba a saka shi cikin abin da ake rabawa ga kowa. Malami a gaya masa iya abin da zai yi aiki da shi, misali kada ya ba da aikin gida da sai da intanet, ko ya bar yaron ya yi shi a makaranta. Idan gudun duka ne ya kai uwa shelta, adireshin nan ko a waya kada ya fita, ko wa ya kira.

Duk mako biyu nakan buɗe rajistar zuwa ta yaran da ke hannuna. Wanda ya yi fashin kwana biyu a jere, ina kira a rana ta uku, domin yawanci an sake tashi ne, bas kuma yana can yana tsayawa a tsohon wuri. Lambobin waya suna yawan mutuwa, shi ya sa tun ranar hira nake karɓar lamba ta biyu da ta WhatsApp. A watan Agusta kuma, kafin a koma, ina bin kowane iyali ɗaya bayan ɗaya in ji inda suke yanzu, don cancantar ana sabunta ta ne kowace shekara. Wanda ya sami gida in cire shi, in gaya masa makarantar unguwarsa; wanda ke nan a raɓe in aika sunansa ofishin sufuri mako biyu kafin ranar farko.